Harafi Mai Ƙugiya

Ƙanena, wanda duk ofishinsu ke kira Baba Taswira, mutum ne mai tsantseni da rubutu har yakan ba mutane haushi. Aikinsa duba taswirar filaye. Masu awo su auno, su zana, su aiko masa, shi kuma ya bi layi-layi kafin ya sa hannu. In ka kuskura ka rubuta "kasa" a inda ya kamata ka sa "ƙasa", zai dawo maka da takardarka ya ce, "Ƙasa aka aike ka ka auno, ba a ce ka zo ka gaya mini ka kasa ba." Tun muna yara haka Allah ya yi shi.

To, sai gwamnati ta kwashe wasiƙun ma'aikatanta ta mayar da su wani rumbu na intanet da suke kira gajimare. Da na ji sunan na tambayi surukata, matar ɗana, ko in hadari ya haɗo wasiƙun za su zubo mana a ka. Ta yi dariya ta ce, "Mama, manyan kwamfutoci ne a wani gini, sunan ne kawai." Ita ce mai kula da kwamfutocin ofishin su ƙanen nawa, can kowa Injiniya yake ce mata.

Ƙanena ya buɗe sabon akwatinsa a waya, ya sa kalmar sirrinsa da kansa. Amma ido ya fara gajiya, taswira kuma a fuskar waya kamar sawun tururuwa take. Saƙonni suka taru ba amsa. Wata rana Daraktansu ya gaji, ya ce in aka tashi aiki ranar bai fara amsawa ba, teburinsa na wani ne, shi kuma ya koma ɗakin tsofaffin fayil ya jira ritaya. Ɗakin nan ko taga babu.

Ni kuwa ranar daga asibitin ƙashi nake, an duba mini gwiwa, na biyo ofishin in jira surukata ta kai ni gida. Aka ba ni kujera kusa da fanka, gefen dogon kabad ɗin da taswirori ke naɗe a ciki. Don haka da idona na gani.

Ta jawo kujera kusa da shi, ta kunna babbar kwamfutar teburinsa, wadda shi ba ya taɓawa sai in zai share mata ƙura. Ta ce, "Kawu, manhajar wasiƙu zan sa maka a nan. Ita za ta riƙa zuwa gajimaren tana kawo maka saƙo, ka gan shi da manyan baƙi, taswira ta cika fuskar kwamfutar."

Ta rubuta adireshinsa. Ta rubuta sunan inda wasiƙu ke sauka da na inda suke tashi, kowanne da lambar ƙofarsa, tana dubawa sau biyu kafin ta wuce. Ta danna wani ɗan akwati ta ce wannan kwaɗo ne, don kada wani ya karanta saƙo a hanya. Sai ta tsaya.

"Kawu, hanya biyu ce. Ɗaya takan kwaso wasiƙun ta bar rumbun wayam. Ɗaya kuma ta kawo maka, amma ta bar na asali a can, ko kwamfutar nan ta mutu ba ka rasa komai ba."

"Sa mini wadda ba ta da halin ɓera," in ji shi.

Da aka zo gurbin kalmar sirri, sai ta miƙe ta je ta tsaya a taga, ta ba mu baya. Ya gyara gilashi, ya miƙa yatsa ɗaya kamar mai taɓa ruwan zafi, ya buga. Kwamfuta ta ce ba haka ba ne. Ya yi tsaki, ya sake. Ta sake ƙi. Ya ƙara, sai ga jan rubutu: saura gwaji ɗaya, in aka kuskure za a rufe akwatin. Surukata ta ce buɗewa sai daga hedikwata, su kuma can sai a kwana biyu ba su waiwayo ba.

Daidai nan Darakta ya leƙo, makullin mota a hannu. Da ya ji yadda ake ciki ya ce, "Baba, ka faɗa mata kalmar mana, ta buga maka a wuce wurin."

Ƙanena ya sunkuyar da kai, ya kama wasa da murfin biro.

Surukata ta ce, "Yallaɓai, ko ya faɗa toshe kunne zan yi. Kalmar mutum tasa ce. Ka ba mu ɗan lokaci."

Darakta ya kalli agogo, ya ce yana ofis, ya fita.

Ni kam raina ya fara ɓaci. Na ce, "Kai, ko mantawa ka yi? Tsufa ba abin kunya ba ne."

"Yaya, zan manta sunana kafin in manta wannan."

Yarinyar nan ta dubi kwamfutar. Sannan ta ce, "Kawu, sake bugawa, amma kada ka aika. In ka gama ka ɗauke hannunka." Ta koma taga. Ya buga: ƙas, shiru, can sai ƙas, ƙas, ƙas. Ta juyo ta dubi gurbin. Kun san kalmar sirri ba ta fitowa da baƙi, ɗigo-ɗigo ne kawai. To ɗigon nan sun yi jere kamar 'ya'yan carbi.

Ta ce, "Kunnena ya ji bugu kaɗan, idona kuma ya ga ɗigo da yawa. Ba na son ka gaya mini kalmar. Amma akwai harafin da kake dannewa ka riƙe?"

"To da yaya ake fito da mai ƙugiya? Haka nake yi a waya. In danne ka, sai ƙa ta fito."

Ta goge ɗigon, ta buɗe masa farin shafi ta ce ya danne ya riƙe ya gani. Ya danne. Sai ga k k k k k suna gudu har ƙarshen layi. Wallahi ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, har gwiwar ta amsa.

Ya kalli kwamfutar da mamaki ya ce, "Ashe ita ma jahila ce."

"Ba a koya mata ba ne, Kawu. Waya dabararta daban, wannan dabararta daban."

Ta shiga cikin saitin kwamfutar ta ƙara mata madannan Hausa, ta nuna masa inda ƙa ta ɓuya. Ta sa ya yi ta bugawa a farin shafin har hannunsa ya saba. Ta buɗe jakarta ta ciro jan farce, ta ɗiga ɗan ja a kan madannin don kada ya ɓace masa. Sannan ta ce, "Yanzu bismilla," ta koma tagarta.

Ya buga a hankali, ya dube ni, ya danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyi a tsakiyar fuskar kwamfutar. Wayarsa ta yi ƙara, lamba ce aka aiko don a tabbatar shi ne, ya karanta ya shigar. Sai wasiƙu suka fara sauka, ɗaya na bin ɗaya, har suka cika shafin. Ta ƙara masa girman rubutu, ta buɗe taswirar farko. Ya cire gilashin ya ajiye, ya ce, "Ai ga iyakar filin nan ɓaro-ɓaro."

Saƙon farko da ya amsa na wani mai awo ne, kuma mayar masa da aikinsa ya yi, wai ya rubuta "kasa". Surukata ta nuna masa yadda zai sa Darakta a kwafi. Ba a jima ba muka ji motar Darakta ta tashi, bai ma sake leƙowa ba.

Muna shirin tafiya na ce, "Kai, wace kalma ce haka mai farawa da ƙa, da ka gwammace ɗakin fayil da a ji ta? Ni dai na san wani suna da ake kiran wata da shi a gidanka, in an ɗauka ba mai ji."

Ya ce, "Yaya, gwiwarki ba ta ciwo ne? Ku tafi mana."

A mota na zungure ta. Na ce, "Ke da kika ƙirga bugun, ai kin gane ta."

Ta ce, "Ban ƙirga don in gane ba, Mama. Ɗaura bel ɗinki."

Har yau yana kan teburinsa, kusa da fankar nan. Jan farcen ya fara goguwa, amma ya hana kowa ya sake ɗiga masa wani, wai sai Injiniya ta zo da kanta.