Bishiyar da Ke Tsakiyar Gona

Mumme da ƙanensa Yuya manoman kat ne, ganyen da ake taunawa don nishaɗi, a kan tudun da ke bayan garin Awaday. Suna da gona, suna da rijiya, iyaka ce kawai ba su da ita. Mahaifinsu bai kafa dutse ba kafin ya rasu. Cewa ya yi, ja na Mumme, fari na Yuya.

Rabon bai yi wuya ba. Jan, wanda muke kira dima, reshensa ja ne, ganyensa faffaɗa mai duhu. Farin kuwa, wato dalota, ganyensa siriri ne, fari-fari, ya fi laushi a baki. Sai wata bishiya guda a tsakiya, wadda ta fi kowace tofo, reshenta jaja-jaja, ganyenta fari-fari. Iftu 'yar Mumme, ɗalibata a aji uku, ita ke ba ta ruwa kullum, kuma ba ta son bishiyar ta fita daga hannun gidansu.

"Yaya, dubi ganyen nan," in ji Yuya. "Ko idon ne ya fara tsufa?"

"Kai dubi reshen, sarkin gani! Tun kana rarrafe nake tsinkar dima."

Aka kira dattawa uku. Bayan azahar suka zauna a gindin bishiyar, Iftu ta kawo shayi da gyaɗa. Babbansu, Haji Usso, ya daɗe yana kallon bishiyar.

"'Ya'yana, ido yana ruɗi. Sai an tauna."

Aka tsinko masu. Ranar farko ɗaya ya ji ɗacin dima, ɗaya ya ji laushin dalota, Haji Usso ya ce gaggawa ba ta kamaci shari'a ba. Washegari dattawan nan biyu suka sauya, kowanne ya ɗauki ra'ayin ɗayan. Rana ta uku suka taho da baƙo, wai shi ma masani ne.

Rana ta biyar babu sauran tofo, sai tsofaffin ganye da ko akuya za ta yi wa yanga. Haji Usso ya kaɗe rigarsa.

"Hujja ta ƙare. In ta sake tofo ku aiko."

Da safe a makaranta na tambayi Iftu ko wa aka ba bishiyar. Ta ce ba a ba kowa ba tukuna, amma ita ta gane cewa muddin bishiyar tana tofo, dattawan ba za su taɓa gano launinta ba.