Kwalba ta Uku

"Ajiye ta, Asiya," in ji Malam Badaruddeen daga kan katifa. Muryar da ƙyar take fita, amma ta ji. Ta tsaya da kwalbar a hannu, yatsunta a kan toshin robar.

Ni gaisuwar safe ce ta kawo ni, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Kabo. Asiya ƙanwarsa ce, daga Sabon Birni ta zo jinya.

"Yaya, mutane na magana," ta ce. "An ce abin ruwa ka kulle a ciki, shi ya riƙe maka numfashi. A buɗe ta, ƙirjinka ya buɗe."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Kwalaben nan na taɓo uku ne a da, jere a tagar ɗakinsa. Lokacin da aka kwantar da shi a asibiti a Gwarzo, Asiya ta ga ƙazanta a taga, ta wanke biyu tas, har ta zuba man shanu a ɗaya. Da ya dawo ya gani, bai yi faɗa ba. Kuka ya yi, dattijo ɗan shekara saba'in, kuma wallahi ban so na gani ba. Saura ɗaya ke nan.

Tare muka yi kiwon awaki da Badaru. Shi ya bi boko har Legas, ya yi shekara talatin yana bin jirgin masu binciken teku, ni kuwa ko tekun ban taɓa gani ba. Da ya dawo gida na ce masa, "Kowa na dawowa da mota, kai ka dawo da taɓo." Bai taɓa jin haushi ba. Kullum bayan la'asar muna zaure, yana ba ni labarin wuraren da iska ta ƙare a cikin ruwan teku, inda kifi ke gudu, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. A nan, in ji shi, halitta ta yi cincirindo, iri a kan iri, wasu ko suna ba a sa musu ba tukuna. Daga irin wurin ya ɗebo taɓon da ruwansa. Rana yake ba kwalbar kawai, jikinta ya yi layi-layi, baƙi a ƙasa, sai kore, sai ja kamar zoɓo. Ina kewar hirar nan, ba zan ɓoye ba.

"Datti, ɗauko madubina," ya ce da ni.

Na ɗauko madubin nan nasa mai ƙara girman abu. Ni na caka allura ta cikin robar, na zuƙo ɗigo ɗaya yadda ya koya mini.

Asiya ta yi bisimilla ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Motsi suke yi. Ga wani kamar shinkafa, ga wani kamar zare. Yaya, ba iska, kuma suna raye?"

"Iskar ce ma ke kashe su."

Ta ɗago a hankali. "Ashe waɗancan biyun..."

"Ba ki sani ba," ya ce. Ya huta, sannan ya dube ni. "In na tafi, ka ɗauke ta. Kada a buɗe."

Ranar Alhamis bayan azahar Allah ya yi masa cikawa. Hidimar jana'iza ta ɗauke mini hankali, sai ranar sadakar uku na tuna. Na shiga ɗakinsa, an share, an wanke, tagar fayau. Amana ɗaya mutumin nan ya bar mini a duniya.

Na fito tsakar gida, na tarar mata sun watse. Asiya na zaune a bakin rumbu da kwalbar a cinyarta. Ta naɗe bakin da leda, ta ɗaure da zare tamau, ta ƙara ɗaurewa.

"Mata sun so zubarwa, na ɓoye ta a buhun gero," ta ce. "Malam Datti, ka bar mini ita. Kwana biyu ba ta ga rana ba, ko ya yi mata illa?"

Na ce ban jin ya yi.

Ta goge jikin kwalbar da bakin mayafinta, ta ɗora ta a kan turmi, ta juya ɓangaren ja ya fuskanci rana.