Ƙarfen da Ke Gonar Sahabi

"Riƙe ni da kyau, Tasalla, kunyar nan tana da santsi," in ji Malam Maccido, yana dogara sanda a tsakanin karan gero.

"Ai riƙe nake da kai tun daga Illela," matarsa ta ce. "Bakinka ne dai na kasa riƙewa."

Gaskiyarta kuwa. Tun da mai kabu-kabu ya sauke su a bayan Kalmalo, Malam yake ba ta darasi. Tsohon malamin tarihi ne, kuma ritaya ta raba shi da allo amma ba ta raba shi da sarakuna ba. Ya riga ya gama da Iskandari, wanda ya ci ƙasa daga Girka har Hindu, ya mutu yaransa suka yayyage ta. Ya bi ta kan Mongol da dawakansu, yanzu yana kan yadda bindigogin Maroko suka rusa Songhai.

"Daga nan sai Ingila da Faransa suka shimfiɗa taswira a tebur, suka raba mu da Ƙonni. Ko ruwan Ƙonni ba su taɓa sha ba!"

"To, tunda ka san haka, mi ya hana ka zuwa ganin jikarka?"

Nan ne ciwon yake. Sojoji sun yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, ɗiyarsu Lubabatu da ke aure a Birnin Ƙonni ta haihu can. Tasalla ta ɗaure zani ta bi hanyar daji kamar kowa, ta yi mata wankan jego ta dawo. Shi kuwa Malam ya kafe. Wai shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa yara bin doka, ba zai tsufa da shiga ƙasar mutane ta taga ba. Taurin kai dai, Allah Ya ba shi kasonsa har da na maƙwabta.

Ga shi ido yana ƙarewa. Likita a Sakkwato ya ce hawan jinin ido ne: na hagu ya tafi, na dama ma yana kan hanya. Yanzu ba ya gane fuska sai ta zo dab da hancinsa. Yana tsoron kafin masu mulki su shirya, duhu ya riga ya rufe shi bai ga yarinyar ba. Bai gaya wa kowa ba, amma Tasalla ta sani.

Ita ta kawo dabarar gonar ƙanensa Sahabi. A tsakiyar gonar akwai wani tsohon ƙarfe da Turawa suka kafa: kudu da shi Najeriya, arewa Nijar. Sahabi bai taɓa damuwa ba, akuyarsa ma yake ɗaurewa a jiki. Lubabatu za ta fito yawon arba'in ta biyo ta arewa, Malam ya tsaya ta kudu. Ba wanda ya taka doka.

Ya lalubi ƙarfen, ya jera ƙafafunsa a bayansa kamar mai tsayuwar sahu.

"Baba, ina kwana? Ya jiki?"

Muryar Lubabatu ce, tana durƙushe can gaba. Abin da ya hango kawai shi ne inuwa mai launin ja.

"Lafiya lau, 'yar nan. Allah Ya raya. Miƙo ta nan."

Lubabatu ta yunƙura, sai Tasalla ta ɗaga mata hannu.

"Zauna inda kike! Malam, wannan jinjira 'yar Nijar ce fa. Iyaka a rufe take. So kake ta fara duniya da karya doka?"

"Tasalla, ki ji tsoron Allah."

"Ina jin shi. Ni dai ɗalibarka ce, abin da ka koya min nake bi."

Sahabi, da ke gefe da fartanya a kafaɗa, ya juya baya kafaɗunsa suna rawa.

Malam ya buɗe baki. Wallahi akwai sarakuna da yawa a cikinsa da za su iya kawo masa ɗauki, amma ko ɗaya bai fito ba. Sai jinjirar ta yi ɗan kuka, siriri, irin na mai neman nono. Ya ɗan tsaya, ya waiga dama da hagu, ko da yake ba abin da zai gani.

"Bismillahi," ya ce, ya saki sandar ta faɗi, ya taka.

Ya tsuguna gaban ɗiyarsa, ta ɗora masa yarinyar. Ya kawo ta kusa, kusa, har numfashinta yana taɓa gemunsa. Ya karkata kai ya ba idon dama hanya. Ga goshi, ga ɗan hanci, ga idanu biyu tar suna kallonsa. Ya daɗe bai ƙifta ba, yana haddace ta.

"Ya ka gan ta?" Tasalla ta tambaya, muryarta ta sauka.

Hawaye ya gangaro masa ya ɗiga a zanin goyo.

"Haba, Lubabatu," ya ce. "Duk faɗin Nijar, wannan mummunar kika samo min in aura?"

Amma da ta miƙa hannu za ta karɓa, sai ya ƙi saki.