A Ƙara wa Kunkuru Gudu

Da hantsi 'yar Yayana ta shigo shagona na gyara rungume da akwatin kwamfuta, tana haki. Tun kafin ta dire shi a kan tebur na gane shi da lotsewar da ke gefensa. Kunkuru ce, kwamfutar gidanmu.

"Gwaggo, don Allah ki ƙara mata gudu. Zanen ginin da zan miƙa a makaranta ya fi ƙarfinta. In na juya bango ɗaya, sai in je in yi wanki in dawo ba ta gama ba."

Na ce, "Ke, wannan ta girme ki fa. Durƙusawa ya kamata ki yi ki gaishe ta."

Marigayi Yaya ne ya harhaɗa ta da hannunsa tun yana saurayi. Da ya samu sabuwa ya bar wa mai bi masa, daga nan ta zo hannuna, ta wuce wurin autanmu, har ta zagayo kan 'ya'yansa. A falo take zama, gefen keken ɗinkin Mama, an lulluɓe ta da tsohon zane. A kanta na koyi buga rubutu da yatsa biyu, ana ture ni daga kujera ina maƙalewa. Duk sanda za ta canja hannu, sai Yaya ya shige ɗaki da ita yini guda, ya hure ƙura, ya canja mata ɗan batirin ciki, ya fito yana cika baki wai ya gyara mana gudunta. Mu kuwa sai mu ga nawarta ce ta ƙaru. Zagin da Kunkuru ta sha a bakina ba kaɗan ba ne. Sai bayan ta bar hannuna na koyi gyara, shi ya sa ban taɓa leƙa cikinta ba.

Na gaya wa yarinyar gaskiya. Ana iya matsa wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya wuce gudun da aka ƙera shi da shi. Amma zafi zai ƙaru, tsoho irin wannan kuma yana iya ƙonewa, ga shi abin da za a samu bai taka kara ya karya ba.

Na ce, "In ya ƙone, shi ke nan. Kin rasa kwamfutar babanki."

Ta sunkuyar da kai. "In ban miƙa zanen ba kuma, sai na maimaita shekara."

Raina bai so ba, amma na kwance murfin. Na cire fankar da ke sanyaya furosesan, na goge busasshen man da ke kansa, na shafa sabo, na mayar da fankar. Na kunna, na shiga shuɗin allon nan na saiti inda ake ƙara gudu. Sai na tsaya. Na cire tabarau na goge na sake dubawa.

An rage gudun, an rage wutar da ke shiga, ƙasa sosai da yadda kamfani ya tsara. Ba mai yin haka sai wanda yake so abu ya daɗe a raye. Ashe abin da Yaya yake shigewa ɗaki ya yi ke nan, don ta kai ga na baya. Ya bar mu muna ta masa tsiya, bai taɓa cewa uffan ba. Wallahi haushinsa ya kama ni, kewarsa kuma ta danne haushin.

Na juya allon na nuna mata. "Ba sai mun matsa mata ba. Babanki ne ya ɗaure ta. Kwancewa kawai zan yi."

Na mayar da lambobin yadda suke tun asali. Ta buɗe zanenta, ta taɓa bangon, ya juya. Ba gudun a zo a gani ba ne, amma zai kai ta. Ta daɗe tana kallon allon, tana share ido da bayan hannu.

Na ɗauko sukurudireba zan ɗaure murfin, sai ta riƙe mini hannu.

"Gwaggo, koma wurin nan tukuna. Ki nuna mini inda yake ragewa. Ƙanena zai karɓe ta baɗi."