Yaya a Sama, Auta a Ƙasa

Kwamfuta ɗaya ce a gidan, kuma Yaya ta ce tata ce, tunda a ciki take zana adon rigunan da take ɗinkawa. Ƙanwarta Auta kuwa kwas ɗinta sai da Linux, ga shi Yaya ta rantse ba mai taɓa mata Windows.

Ranar da Yaya ta tafi sayen zare, Auta ta kwafe zane-zanen kaf a filashi, sannan ta duba diskin. Ko kwata Yaya ba ta cika ba. Ta matse Windows gefe guda, ta yanka wa Linux fili, gabanta na faɗuwa har aka gama. Ta kashe ta kunna. Duka biyun suka tashi lafiya lau, ko zane ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Da Yaya ta dawo ta kunna, sai ga sunaye biyu a allo, Linux a sama.

"Auta, ni za ki sa a ƙasa? Tsakanina da ke wa ya riga zuwa duniya?"

"Yi haƙuri, Yaya."

Nan take Auta ta gyara jerin, Windows ya koma sama. Yaya ta gyara zama ta ce yanzu aka yi magana.

Auta ta fita tana danne dariya. Girma dai ta bar wa Yaya, amma kashi biyu cikin uku na diskin nata ne, kuma wannan ba ya fitowa a allo.