Saniyar Ƙarƙashin Kwalbati

Daren da aka yi ruwan farko na ji shi: wani kuka daga ƙarƙashin kwalbatin ƙofar gidanmu, kamar na saniya mai mura. Ya yi, ya tsaya, ya sake yi. Ni mutum ne mai son abin al'ajabi. Gyaran lema na yi duk rayuwata, a aji huɗu na bar makaranta, amma a ɗakina akwai haƙorin da ban san na wace dabba ba ne, da wani dutse mai kama da kunne. Na kwanta cike da murna, ina cewa wata halitta ce ruwa ya kawo mana.

Da safe na ba jikata labari. Tsinke muke ce mata don rashin kauri. Tana aji biyar, kuma duk Asabar tana zuwa ƙarin darasin Turanci, inda malamarsu ke koya musu rubutu mai fita sarai.

"Tsoho, ka gan ta da idonka?"

"Na ji ta, amarya."

"To, a kwandon zato za mu sa ta."

Ashe malamar ta koya musu cewa kowace magana tana da kwandonta: abin da na gani, abin da aka ce, abin da nake zato. Ba a haɗa su. Aikin makon kuwa shi ne kowane yaro ya rubuta wani abu game da muhallinsa, a karanta ranar taron iyaye.

Muka ɗauki sandar tsohuwar lema muka leƙa kwalbatin. Babu saniya. Gorunan roba ne birjik, sun cushe da leda da tsumma, iska na bi ta bakinsu tana busawa. Raina ya ɓaci, don na so a ce dabba ce. Ita kuwa sai ta ce, "Wa ya kawo su nan?"

Amsar ta zo da ruwa na biyu. A layinmu, da an ga hadari kowa zai jera bokitin shararsa a bakin ƙofa, ana fara yayyafi a juye a kwata, ruwa ya tafi da ita. Tsinke ta zauna a bakin taga da fensir tana kallo.

Ana gobe taro tana maimaita rubutun a tsakar gida, ubanta, ɗana mai walda, ya ji. Ya fi ni Turanci, nan da nan ya ajiye cokali.

"Ke, me na ji? Tela? Mai aski? Mai walda?"

"Baba, ban faɗi sunan kowa ba."

"Masu walda nawa ne a layin nan? Ki goge. Ki rubuta dashen itace kamar sauran yara."

"Ban ga an dasa itace ba."

"In kika karanta wannan gobe, ke da darasin Asabar har abada."

Idonta ya cika da hawaye, don darasin nan ya fi mata komai. Amma ba ta taɓa abin gogewa ba.

Washegari aka cika aji, manya a kan bencin yara, gwiwa har haɓa. Yara suka yi ta dasa itatuwa da baki. Da aka kira Tsinke, ta dubi ubanta sau ɗaya, ta ɗaga takarda, ta karanta har ƙarshe. Maƙwabta suka ɓarke da tafi. Mai aski har da miƙewa.

"'Yar layinmu ce! Dattijo, kai da ka taɓa boko, me ta ce?"

Ɗana ya yi mini ido. Na yi kamar ban gani ba. Turancina duk ramuka ne kamar tsohuwar lema, amma nata rubutun ko ni bai fi ƙarfina ba.

Na ce, "Ta ce kakanta yana zaton saniya ce ke kuka a kwalbati. An ce mata ruwa yana tafiya da shara. Abin da ta gani shi ne tela ya juye ƙyallaye, mai aski ya juye gashi, mai wanki ta juye gorunan roba, mai walda ya juye bokiti biyu. Ruwa bai tafi da komai ba. Ƙofar kakanta ya kai su ya ajiye."

Mai aski ya zauna a hankali.

A hanyar gida tela ya yi ta gunaguni wai yaran yanzu ba su da kunya. A bakin ƙofa ɗana ya buɗe baki, na riga shi.

"Kai ka haife ta, ni na haife ka. Ranar Asabar da ƙafata zan kai ta. In ƙarya ta yi, nuna mini layin a takardar."

Ya daɗe yana kallon takardar. Can ya ce, "Bokiti ɗaya da rabi ne." Ya miƙa mata jakarta. "Ki je. Ai mijinki ya ɗaure miki gindi."

Kafin la'asar hadari ya haɗo. Bokitai suka fito kamar kullum, aka fara yayyafi, amma kowa ya tsaya yana satar kallon tagarmu, inda Tsinke ke zaune da fensir. Mai wanki, wadda duk layin muke kira Gwaggo, ta dire nata bokitin, ta riƙe ƙugu.

"Na ji, 'yar boko, ba za mu zuba ba. Motar shara ba ta taɓa shigowa layin nan ba. To, ina za mu kai ta?"