Tsakiyar Layi

Ni ɗin nan, harsashi ya shiga cinyata ranar Alhamis, ranar Litinin na wuni ina ɗaukar siminti a kanta. Ban yi boko ba, amma mai digiri ya zo ya gwada. Ba banza ake ce mini Bijimi ba.

Sati uku muna yajin aiki a siton siminti, saboda katakon da muke hawa mu loda mota ya karye da mutum biyu, kamfani ya ce gangancinsu ne. Muna zaune a bakin get, ko tsinke ba mu riƙe ba, 'yan sanda suka buɗe wuta. Mutum tara ba su tashi ba. Ni ban ma san an same ni ba sai da na ji takalmina yana caɓal-caɓal.

Kafin la'asar ministan ƙwadago ya hau rediyo. Ya yi ta'aziyya har muryarsa na rawa, ya ce an kafa kwamiti. Sannan ya ce ba a harba ko harsashi ɗaya ba, turmutsutsu ne, mu muka tattake junanmu.

Matata ta kashe rediyon. "Ka ji, maigida? Ramin da ke cinyarka, gwamnati ta ce babu shi."

Ina shirin tafiya asibiti labari ya zo cewa duk mai raunin bindiga an kwashe shi daga gado a rufaffiyar mota, danginsa ba su san inda yake ba. Sai wan matata, mahauci, ya zo da wuƙa da tafasasshen ruwa, ya ciro harsashin. Ban yi ihu ba. Ita tana cewa na yi, amma ai tana waje.

Ranar Lahadi aka ce gwamnati ta yafe wa duk wanda ya koma aiki Litinin. Wanda bai koma ba, za a je gida a duba lafiyarsa. Na ɗaure cinyar da tsumma har ta mutu, na tafi.

An sa sabon katako. A gindinsa wasu mutum biyu masu farar riga suna zaune a benci, ɗaya yana ɓare lemo. Ba sa kallon fuskar kowa. Ƙafafunmu suke kallo.

Mu 'yan dako muna da yadda muke yi tun kafin a haife ni. In mutum ba shi da lafiya a tsakiyar layi ake sa shi, na gaba su rage sauri, na baya ya tallafe masa buhu a kan katako. Heluma, wato shugaban layinmu, ya matso kusa da ni.

"Bijimi, fuskarka ta yi toka. Shiga tsakiya."

"Ni? Tsakiya? Allah ya sawwaƙe! Ka sa kakarka."

"Bakinka zai kashe ka wata rana."

Mutane suna cewa wayo na yi. To, a bar shi a wayo.

Tsito aka sa a tsakiyar, abokin aikina na shekara goma sha ɗaya, wanda harsashi ya shafi haƙarƙarinsa. Babu wanda ya yi tunani. Hannu ne kawai ya yi abin da ya saba. Sawu na farko, na biyu, na uku, layi yana lanƙwasa a wuri ɗaya, hannu yana miƙewa ƙarƙashin buhu ɗaya.

Mai lemo ya tofar da ƙwallo. "Heluma, wancan ɗan gatan fa? Shi kaɗai ake riƙe wa kaya?"

"Zazzaɓi ne, ranka ya daɗe."

"Ayya, sannu, bawan Allah. Ɗaga rigarka mu ga zazzaɓin."

Tsito ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ni buhu na duba. Suka riƙe shi a hankali kamar ɗan'uwansu, suka ce asibiti za a kai shi. Ɗaya ya tafi da shi, mai lemo ya koma benci.

Daga nan ban san yadda rana ta yi tafiya ba. Kowane taku sai na ji wuƙar mahaucin nan ta dawo. Jini ya fara bin ƙaurina, na yi kamar buhu ya fashe mini, ƙurar siminti ta shanye shi ya zama laka. Har waƙar aiki ni na riƙa bayarwa, don kada a ji haƙorana suna haɗuwa.

Da aka tashi sai na ji, "Kai, babba!"

Mai lemo ne. Na juya.

"Da duk irinka ne, da ba a yi yaji ba." Ya miƙo mini rabin lemo. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya.

A kwanar layin gidanmu matar Tsito tana tsaye da goyo.

"Yaya Bijimi, ina ka baro mini shi?"

Na san in na tsaya ƙafar nan za ta naɗe, ga mutane cike da titi, ban san idon wa ke kaina ba. Na ce yana tafe, na wuce ta, ina takawa daidai.